Wuri Ya Riga Bature Zuwa: Dutse da Kewayenta a Ƙarni na 18

 Yau Jigawa muka nufa, Dutse da garuruwan da ke kewaye da ita, su Kiyawa, Jahun, Aujara da Birnin Kudu. Kuma baya za mu koma sosai, tsakanin 1700 da 1800, wato ƙarni na 18.

Wanda ya taɓa karatun tarihin duniya ya san wannan ƙarni a matsayin tsakiyar zamanin mulkin mallaka. Ingila na riƙe da yankuna 13 a gaɓar Amurka, Faransa na tatsar gonakin rake a tsibiran Karebiyan, Fotugal na da Burazil. Mu kuwa a nan Bature bai kafa tutarsa ba sai 1903, shekarar da sojojin Lugga suka ci Kano. To me ya haɗa masaƙin Kiyawa na 1740 da waccan duniya, mutumin da bai taɓa ganin teku ba, bai taɓa ganin Bature ba? Kuɗin da ke cikin burgamensa ne ya haɗa su. A kansa zan tsaya yau.

Bari mu fara da kalmar kanta. Da yawanmu ba mu lura ba, "kuɗi" jam'i ne, tilonsa "wuri". Idan ka ji an ce naira dubu 100 wuri na gugar wuri, ƙarar waɗannan 'yan fararen ƙwanson ake tuna maka, suna gogar juna a cikin jaka. Haka "ba ni da ko wuri". Abin ya bar kasuwa tuntuni, amma yana nan daram a bakinmu.

Akwai littafin nan na tarihin sarakunan Kano da aka rubuta da Larabci, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, kuma akwai shi da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Shi ne ya ce a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. Dutse a lokacin tana cikin ƙasar Kano, da sarkinta, da ganuwarta, da taurin kanta, za mu zo kan wannan. Alaƙar ma tsohuwa ce, domin littafin ya nuna Sarkin Kano Abdullahi Burja, na tsakanin 1438 da 1452, ya auri 'yar Sarkin Dutse. Tarihin baka kuma ya ce wani maharbi Babarbare, Duna Magu, shi ya fara gano wurin saboda yawan gada a cikin duwatsun, daga nan kirarin Gadawur ya samo asali.

To daga ina wurin yake? Daga tsibiran Maldib, can cikin tekun Indiya, kudu maso yamma da Siri Lanka. Wata 'yar halitta ce dangin dodon koɗi. Mutanen can sukan jefa ganyen kwakwa cikin ruwa mara zurfi, halittun su manne, a jawo a baza a yashi har naman ya ruɓe, a wanke ƙwanson. Shi ke nan, an buga kuɗi. Ibn Baɗɗuɗa, wanda ya yi alƙalanci a tsibiran a ƙarni na 14, ya ga wurin a can, ya kuma zo ya same shi ana ciniki da shi a daular Mali, inda yake isowa ta Sahara. Amma ambaliyar da ta kai shi har ƙauyukanmu ta teku ta zo. Kamfanin Holan na gabashin Indiya yana kwasa ta Siri Lanka, na Ingila yana kwasa ta Bengal. A zuba a gindin jirgi don ya ba shi nauyi, a kai Amsadam da Landan a yi gwanjo, sannan wasu jiragen su ɗauko su gangaro gaɓar Afirka ta Yamma, musamman Wida a ƙasar Dahomi. Masana biyu, Hogendorn da Johnson, sun yi littafi sukutum a kan wannan a 1986, lissafinsu ya nuna kimanin wuri biliyan 10 Holan da Ingila suka yi jigilarsa tsakanin 1700 da 1790.

Me jiragen suke saya da shi? Mutane. Wannan wurin da ake sa wa jarirai a ƙugu, ake yi wa ƙwarya ado da shi, babban aikinsa a bakin teku sayen bayi ne. Daga gaɓar sai ya hau arewa hannu zuwa hannu, ta Oyo, ta Nupe, ya tsallake Kwara ya shigo kasuwanninmu, mu kuma muna tura kanwa, dawakai, tufafi, fatu, da bayi zuwa kudu. Ba na son mu tsallake wannan kalma ta ƙarshe da sauri kamar yadda aka saba.

Yanzu mu shiga gida mu ga abin da wurin ya tarar. Ɗauki gidan gandu a gefen Dutse: maigida, ƙannensa, 'ya'yansa maza da matansu, tukunya ɗaya, rumbu ɗaya. Da damina kowa na gona, gero da dawa da wake, sungumi wajen shuka, fartanya wajen noma, kowane saurayi kuma da ɗan gayaunarsa da yake yi wa kansa. Idan aka yi girbi aka kai amfani gida, rani ya shigo, sai sana'a ta tashi. Kuma sarauniyar sana'o'in rani auduga ce.

Auduga takan bi ta hannu da yawa kafin ta zama riga, kuma hannun farko na mata ne. Mace za ta zauna da magurji da ɗan ƙarfenta ta gurje, ta raba angurya da auduga. Ta yi shiɓa da masaɓi har ta yi laushi. Sannan ta ɗauko taskira da mazari, ta shafa alli a yatsa, ta shiga kaɗi. Zare siriri mai ƙarfi don tsaye, abawa mai kauri don kwance. Aiki ne na tsakar gida, ana yi ana hira, ana goyo, ana jiran tuwo ya nuna, shi ya sa marubuta tarihi ba su cika ƙirga shi ba. Amma ku yi tunani, masaƙi ɗaya idan ya zauna yini guda zai cinye zaren da mata da dama suka kwana biyu suna kaɗawa. Duk sunan da ƙasar Kano ta yi a tufafi, daga Agadas har Tumbuktu, a kan yatsun waɗannan mata ya tsaya.

Daga nan zare ya tafi masaƙa. Masaƙi na zaune a rumfa, zarensa ya miƙe tsawon fili, kunkuru ya danne ƙarshensa, ƙafa na taka allera, ƙoshiya na kai da kawowa. Abin da yake fitarwa siriri ne, faɗinsa bai wuce 'yan yatsu ba, a naɗe shi ya zama zugu. Maɗinki ya harhaɗa ƙwarya-ƙwarya ya fitar da riga ko zane. Idan baƙi ake so sai marina. Rami ne mai zurfi da aka shafe cikinsa da laso don kada ya sha ruwa, a zuba baba da toka da katsi, a bar shi kwanaki ana motsawa har ya nuna. Marini ya tsoma, ya fitar iska ta buga, ya sake tsomawa, sau da yawa, domin shuɗin a iska yake kamawa. Ƙarshe a kai mabuga, a ɗora a kan gungume a yi ta dukansa da shuni har ya riƙa walƙiya. Turkuɗin da Buzaye ke mutuwar so ke nan.

Ɗan ratse kaɗan. A daidai shekarun 1740 da marinanmu ke wannan aiki, a Karolina ta Kudu cikin Amurka aka fara noman baba gadan-gadan don sayar wa masaƙun Ingila, kuma bayi 'yan Afirka ne ke nomawa suna jiƙawa. Tsiro iri guda, wari iri guda. A nan mutum ya gaji ramin daga ubansa, a can an sayo shi ne aka tsayar a bakin ramin.

Sai maƙeri, wanda in babu shi babu noma, babu yaƙi. Zuga-zugi, uwar maƙera, masaba, awartaki. Shi ke fitar da fartanya da lauje da gatari, shi ke fitar da kan mashi da kibiya da linzami. Ga majema da dukawa, ga magina tukwane, ga masu saƙar tabarma da faifai da kaba. A Dutse kuma ga dabino, wanda har gobe da shi aka san garin.

Kafin wuri ya wadata, yaya ake ciniki? Musaya, da kuma abubuwan da kowa ya yarda da darajarsu: zugun fari, hatsi, gishiri, dabba. Matsalar a ƙananan abubuwa take. Zugu zai sayi akuya, amma yaya za ki yanka shi ki sayi daddawa ta miya ɗaya? A nan wuri ya yi abin kirki, gaskiya a faɗe ta. Ba ya ruɓewa, ba a iya ƙirƙirar na jabu, kuma ƙanƙane ne har ya sayi ƙuli ɗaya na kanwa. Mai fura, mai ƙosai, mai kaɗi, duk suka sami abin da za su tara a tukunya su binne a ƙarƙashin gado. A ganina matan karkara na cikin waɗanda suka fi cin moriyarsa. Har lissafinsa ya zo da nasa kalmomi: hauya wuri 20, zangu wuri 100, keso kuwa buhun tabarma mai wuri 20,000, wanda nauyinsa ya haura kilo 20. Wato idan cinikin ya girma sai ka nemi jaki ya ɗaukar maka kuɗin.

Amma abin da ya sauƙaƙa wa mai ƙosai tarawa, shi ya sauƙaƙa wa fada karɓa. Haraji da dami wahala ne da shi, sai an ɗauka, sai an adana, ga gara ga ɓera. Haraji da wuri kuwa ƙirgawa ne kawai. Ni dai ban ɗauka haɗuwa ce ta banza ba a ce sarkin da wuri ya shigo a zamaninsa, shi ne kuma littafin tarihin Kano ya lissafa masa sababbin hanyoyi bakwai na tara kuɗi, ciki har da haraji a kan 'yan mata idan za a aurar da su, da haraji a kan Kasuwar Kurmi. Sharefa yana da dalilinsa, Zamfarawa sun ci shi da yaƙi, ya shiga gina ganuwoyi a garuruwa irin su Takai da Gano da Dawaki. Ganuwa kuwa da dawakin yaƙi ba da fatar baki ake yin su ba.

Ɗansa Kumbari, wanda ya hau a 1731 ya yi mulki zuwa 1743, shi ya kai abin maƙura. Yana fama da Gobirawa ƙarƙashin Soba. Mai Ali na Barno ya zo har Fage ya kwana uku, malamai suka shiga tsakani aka rabu ba a gwabza ba. A zamaninsa aka shigo da garkuwoyi daga Nupe, aka shigo da bindigogi. Ku lura da hanyar, ita ce dai hanyar wuri. Don ya biya wannan duka sai ya matsa wa Kasuwar Kurmi har ta kusa mutuwa, shekara ta zagayo ya sa haraji a kan mutanen birni har da malamai. Larabawa 'yan kasuwa suka tattara suka koma Katsina, talakawa da yawa suka gudu ƙauye.

To a wannan yanayi ne Kumbari ya ɗauko runduna ya nufo Dutse. Littafin ya kira sarkin Dutse na lokacin Makuri, a bakin mutanen Dutse kuwa sunan da ya fi yawo game da wannan zamani na bijirewa shi ne Ada. Harin ya yi zafi har Kumbari ya kusa shiga garin, sai manyansa suka ba shi shawara ya koma gida tunda ya riga ya yi rinjaye, ya kuwa koma. A wannan yaƙi aka kashe Sarkin Aujara Bugau. Ni idan na karanta wannan wuri murmushi nake yi. Marubucin na fadar Kano ne, ba zai ce an kasa ba. Amma sarkin da ya taso tun daga Kano da dawakai da sababbin garkuwoyi, ya tsaya a bakin gari ya juya bai shiga ba, ai kowa ya san sunan wannan. Wanda ya taɓa hawa Garu, inda fadar Sarkin Dutse take, ya ga yadda duwatsu suka rungume unguwar, zai gane abin da doki ya tarar.

Ku kuma dubi Aujara, tana nan cikin ƙaramar hukumar Jahun a yau, ƙarƙashin masarautar Dutse. Yaƙin ashe na maƙwabta ne, mutanen da ke cin kasuwa ɗaya, suna auren juna. Kuma idan aka ce runduna ta fita, a ƙauye ma'anarsa a fili take: an ɗebe samari, an buɗe rumbu an ciyar da dawakai, maƙeri ya ajiye fartanya ya koma kan kibiya, wanda aka kama a daji kuma ya zama abin sayarwa.

Wani abu da ya sa wannan yanki ya bambanta shi ne zamansa a bakin iyakar kuɗi biyu. Yamma, wajen Kano, wuri. Gabas, wajen Barno, wuri bai zama kuɗin kasuwa ba sai a shekarun 1840, kafin nan da gabaga suke ciniki, wato siraran ƙyallen saƙa. Falken da ya taso da kanwa da gishirin Mangul daga gabas, ya ratso ta ƙasashen Auyo da Haɗeja ya nufo yamma, dole kansa ya iya lissafi biyu. Masaƙin wannan yanki kuwa, abin da ke fita daga masaƙarsa haja ne idan ya fuskanci yamma, idan ya juya gabas kuma kusan kuɗi ne da kansa.

Sarakunan Kano ba su ɗauke ido daga wannan kusurwa ba har ƙarshen ƙarnin. Babba Zaki, na 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin Kano na farko da ya ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. Ya kai hari Birnin Auyo, kuma a labarin harin an ambaci Sarkin Gaya da Sarkin Jahun cikin waɗanda suka sa bai rushe garin ba. Ya gina gida a Takai, nan kusa da Dutse, har ya so ya tare can, fadawa suka ƙi. Shekarar da mulkinsa ya ƙare, 1776, ita ce shekarar da waɗancan yankuna 13 na Amurka suka yi shelar ɓallewa daga Ingila, su ma kuma rigimarsu a kan haraji ta faro.

Daga 1781 Alwali ne a gadon Kano, aka yi yunwa a zamaninsa, ƙorafi ya yi yawa. Idan ka duba Kitabul Farƙi na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, inda ya jero laifuffukan sarakunan Haɓe, za ka ga rabin abin zancen aljihun talaka ne: jangali, kuɗin gari, gaisuwa, tawasa da ake karɓa wurin mahauta, kamuwa da ake yi wa dabbar mutum a ɗora mata kayan sarki. Mu yau mun fi riƙe ɓangaren aƙida na jihadin, kuma yana da muhimmanci, amma makiyayin da ke kiwo tsakanin Kiyawa da Birnin Kudu ya san zafin jangali tun kafin ya iya karanta littafi. A Dutse, Salihi da Musa ne suka jagoranci lamarin, daga zuriyoyin Fulani biyu, Jalligawa da Yalligawa, kuma su ne suka zama sarakunan farko na sabon zamani. Alwali kuwa a Burumburum aka kashe shi a 1807.

Shin haraji ya tafi da tafiyar Haɓe? Bajamushen nan Barth, wanda ya shigo Kano a 1851, ya rubuta abin da ya tarar: wuri 2,500 a kan kowane maigida, wuri 700 a kan kowane ramin rini, kuma ya ce ramukan sun haura 2,000 a cikin birni kaɗai, wuri 500 a kan kowane bawa da aka sayar a kasuwa, sannan wuri 600 duk shekara a kan kowace bishiyar dabino. Mutanen Dutse, ku ji wannan na ƙarshen da kyau. A lokacin wuri 2,500 ne ke sayen liyari ɗaya na azurfa, wato dabino huɗu da ɗoriya sun ci liyari guda a shekara. Barth ɗin ya ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai aƙalla na wuri miliyan 300. Sana'ar ta bunƙasa ƙwarai bayan jihadi, mai karɓa ma bai yi barci ba.

Saura waɗanda suka bi hanyar wuri ta baya, su suka gangara shi ya hau. Tun ƙarshen ƙarni na 18 Hausawa suka fara yawa cikin bayin da ake fitarwa ta Oyo zuwa bakin teku, yaƙe-yaƙen jihadi suka ƙara yawansu. Da yawa Bahiya aka kai su, a Burazil. A 1807, shekarar da aka kashe Alwali, shekarar da majalisar Ingila ta haramta wa jiragenta cinikin bayi, hukumomin birnin Salbado na Bahiya suka bankaɗo shirin tawaye na bayi, kuma Hausawa ne suka kitsa shi. Cikin abin da aka kama a gidan da suke taruwa har da bakuna da kibau.